Sai Mai Giya Ya Fara Sha

A Castelbrina babu gidan da ke sayen giyar shekara sai Gwaggo Norina ta sa mata hanci. Sunanta na baftisma Onorina Bosticco, shekarunta saba'in da ɗaya, gajeriya ce marar jiki, kullum cikin baƙar rigar sanyi da ta koɗe a gwiwar hannu. Ba ta da gonar inabi ko ta taki ɗaya, ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da safe ka ce yau gari ya yi kyau, sai ta ɗaga kai ta dubi sama tukuna kafin ta amsa.

Tana 'yar shekara goma sha biyar ta fara wankin kwalabe a rumbun giya na ƙungiyar manoman garinmu, nan ne hancinta ya buɗe. Kwalbar da aka shanye aka dawo da ita fanko, tana shinshina bakinta za ta faɗi irin inabin da gangaren da ya fito. Ma'aikata suka riƙa gwada ta don nishaɗi, ita ma tana dariya, don a lokacin mai fara'a ce.

Abin da ya ɗauke mata fara'ar ya faru shekara talatin da takwas da suka wuce. Yayanta Delfino magini ne a Milano. A shekarar da giyar guba ta shiga kantuna, ya sayi babbar kwalba mai araha a hanyarsa ta komawa masauki, ya sha kofi biyu da abinci. Bayan kwana guda ya farka yana tambayar abokin ɗakinsa me ya sa gari ya ƙi wayewa. Norina ce ta je ta ɗauko shi a jirgin ƙasa. Tun daga ranar suke zaune tare a ƙaramin gidan da ke ƙasan coci, ita ce idonsa, shi kuma ko ɗigon giya bai sake taɓa harshensa ba.

Tun daga ranar kuma ta kafa dokarta: sai mai giya ya fara sha. Ba kurɓa ta kunya ba, sai ta ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Wani mai raba wasiƙu ya taɓa zuwa neman aurenta da kwalba a hannu. Ta ce ya fara sha, ya yi dariya yana zaton wasa take yi. Dariyar ba ta bar bakinsa ba ta rufe ƙofa.

Kowace shekara a watan Maris, ranar Lahadin da ke gaban raguwar wata, manoman inabi shida na garin kan kawo kwalba ɗai-ɗai zuwa ɗakin taro da ke bayan shagon kofi na Tarcisio. Wajibi ne a gama zaɓe a ranar, domin a nan ba a ɗura giya a kwalabe sai wata na raguwa, in ba haka ba ta yi ta tsalle tana tunkuɗe matoshi. Abin da Gwaggo Norina ta yaba, washegari za ka ga motoci a ƙofar mai shi ana ɗora damijana, wato manyan tulunan gilashin nan masu rigar saƙa. Abin da ta kushe ma akan saya, sai dai a yi wa mai shi tsiya har shekara ta zagayo. Kalma guda ce kawai ake tsoro daga bakinta: "An taɓa ta." Sau ɗaya tak ta taɓa faɗinta, a kan giyar wani Attilio Sburlati. Babu wanda ya kai giyar awo, babu wanda ya tambayi me aka zuba. Mutane dai suka daina bin hanyar gidansa, kafin kaka biyu ya sayar da gona ya bar garin. Har yau ba a ambaton sunansa in tana wurin.

Bana tun kafin Lahadi ta zo da abu a ranta. Ranar Juma'a da hantsi tana shanya kaya ta hango wata farar mota marar rubutu a jiki ta hau hanyar gidan Celso Rabino. Ta yi kamar rabin awa a can, ta sauko a hankali kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Motar baƙo a gidan mai giya kwana biyu kafin ɗanɗano. Ba ta gaya wa kowa ba, ta dai ajiye abin inda take ajiye irinsa.

Celso kuwa ba baƙonta ba ne. Benci ɗaya suka zauna a makarantar firamare. Matarsa Pierina ta rasu a kakar bara ana tsakiyar tsinkar inabi, bayan doguwar jinya, tun daga nan ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Lahadi bayan abincin rana ɗakin ya cika. Tarcisio, ƙato mai tumbi da ba ya rabo da barkwanci, ya naɗe kwalabe shida da tsohuwar jarida, ya jera su, ya rubuta lamba da alli a gaban kowace. Ga burodi, ga cuku, ga bokitin tofarwa. Norina ta zaunar da Delfino kusa da murhu kamar kullum, ta fito da tambulan ɗinta daga jaka, domin ba ta yarda da wankin kowa ba.

"Gwaggo, nawa tambulan ɗin fa sau uku na wanke su," in ji Tarcisio.

"Da wane tsumma ka goge?"

"Da sabo fil!"

"Sabon da ka share tebur da shi jiya. Zuba musu, ka rage surutu."

Aka yi dariya. Ya zuba wa manoman shida daga kwalba ta farko, suka ɗaga, suka sha, tana bin wuyansu da ido ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka motsa. Na Celso bai motsa ba. Ya kai tambulan baki, ya jiƙa leɓe, ya sauke, ya rufe shi da tafin hannu.

Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ɗan ɗauraye tambulan ɗinta da giyar, ta zubar, aka sake zuba mata. Ta ɗaga ta dubi launi, ta sa hanci, ta kurɓa.

"Giyar inabin Grignolino ce. Fara-fara kamar ruwan wankin jan zane, amma baurinta ya kama dasashi yadda ya kamata. Wanda ya yi ta ya yi haƙuri da ita."

Wani a baya ya yi gyaran murya don jin daɗi.

Ta biyu Dolcetto ce, ta ce mai laushi ce, ɗacin ƙarshenta kaɗan ne, ta dace da tsofaffi marasa haƙori irin Tarcisio nan da shekara biyar. Ta uku Freisa, tana ɗan tsatsa a harshe, ta ce mai ita ya yi gaggawar tsinka don tsoron ƙanƙara, tsaminta zai ta da mamaci. Mai ita ya ce, "Ƙanƙarar fa ta zo, Gwaggo!" Ta ce, "Ta zo gonar kowa, kai kaɗai ka gudu." A kowace kwalba tana duban wuyan Celso, a kowace kwalba wuyan na tsaye kamar turke.

Sai ta huɗu.

Tun kafin hancinta ya kai bakin tambulan ta san Barbera ce ta gangaren bayan maƙabarta, wato ta Celso. Shekara arba'in ta san wannan ƙamshin. Amma yau akwai wani abu kwance a ƙarƙashinsa, wani wari siriri kamar na tsohon fenti, wanda ba na inabi ba ne, ba na ganga ba ne. Ta juya tambulan ta sake shinshinawa. Yana nan. Farar motar ta dawo mata, ga mutum ya ƙi shan giyarsa da kansa. Biri ya yi kama da mutum.

Ta ajiye tambulan ba ta kurɓa ba.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin itace na fashewa a murhu. Babu wanda ya taɓa ganin ta ajiye tambulan cike. Manoman nan biyar da suka riga suka haɗiye suka fara duban juna, ɗaya ya kai hannu ya shafa maƙogwaro.

"Gwaggo, ƙuda ne ya faɗa?" Tarcisio ya tambaya, amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Celso," ta ce, "ba ka sha ba."

"Na sha mana, Norina."

"Leɓenka ya sha. Kai ba ka sha ba. Ga taka nan, ka san taka ce, na san taka ce. Sha in gani."

Ya dubi tambulan, ya dubi mutane. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa, ya miƙe, ya fita.

Nan take ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata ta ce dama ta lura ya daina zuwa karta. Wani ya ce ai tun rasuwar Pierina ba a san me yake yi a rumbun nan shi kaɗai ba. Duk ido ya koma bakin Norina. Kalmar tana nan a kan harshenta, ta ji nauyinta, ta san in ta sake ta ba za ta dawo ba, don magana zarar bunu ce. Ta tuna Attilio ranar da ya ɗaure katifarsa a saman mota, bai ko waiwayi garin ba.

"Ku jira ni," ta ce. "Kada wanda ya taɓa kwalbar nan. Yaya, tashi."

"Ina kuma za mu? Yanzu ƙafata ta fara ɗumi," in ji Delfino.

"Za ka ɗuma ta a hanya."

Suka kama hawan tudu, hannunsa a kafaɗarta. Hanyar ta bi ta gefen maƙabarta, inabi duk an yi musu aski, sai baƙaƙen kututture a jere. Ta ba shi labarin motar da warin, tana haki.

"To in kin same shi da laifi fa?" ya tambaya.

"In faɗa."

"In ba ki same shi ba?"

"Ruwa ba ya tsami banza, Yaya."

"Haka kika ce lokacin Attilio."

Shekara ashirin ke nan bai taɓa ɗaga mata wannan zancen ba sai yau.

Suka tarar da ƙofar rumbun a buɗe. Celso na zaune a kan wani akwati da aka kife, a tsakiyar damijana goma sha biyu da ya cika ya jera don masu saye. Babbar gangar da yake ajiye giyar a ciki na can ƙurya. Bai tashi ba.

"Kin zo da 'yan sanda ne, ko Delfino ne alƙalin?"

"Motar wa ta zo nan ranar Juma'a?"

Ya ɗago ya dube ta kamar bai gane ba, sannan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Gadon Pierina suka zo ɗauka. Gadon asibiti da aka ba mu aro. Wata biyar suna aiko mini, ina cewa gobe. Shiga ɗaki ki ga sawun ƙafafunsa a ƙasa in kina so."

Ta ji kunya ta taso mata, ta danne ta. Mota daban, wari daban.

"Me ya hana ka sha?"

Ya zura hannu a aljihu ya fito da kwalin magani ya ajiye a kan wani akwati da ke gabansa. "Zuciya. Tun Nuwamba. Likita ya ce in na haɗa wannan da giya, in shirya bin Pierina. Ko kurɓa ban yi wa giyar bana ba, Norina. Ban san ɗanɗanonta ba. Kina so in tsaya gaban Tarcisio in ce ɗan Rabino ya koma shan ruwa kamar akuya? Wa zai sayi giyar mutumin da ba ya sha?"

Ta ɗauki kwalin, ta karanta sunansa a jiki, ta duba kwanan wata, ta ƙirga gurbin ƙwayoyin da aka ɓalle. Duk sun yi daidai da maganarsa. Amma ta matsa kusa da damijana ta farko, ta cire murfin, ta sunkuya. Warin ya doke ta fiye da na ɗazu.

"To wannan fa? Me ka zuba a ciki?"

"Inabi na zuba! Na rantse da kabarinta, inabi ne kawai!"

"Inabi ba ya warin fenti."

"Ba fenti ba ne," in ji Delfino.

Suka juya. Yana tsaye inda ta bar shi a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci sama kamar karen farauta.

"Wannan warin kabad ɗin Mama ne. Kin manta gwangwanin da take ɓoyewa a baya, wanda take hana mu taɓawa har ya tsufa ya lalace? Man zaitun ne da ya kwana biyu. Celso, da me ka rufe bakin tulunan nan?"

Kowa a garin nan ya san ba a barin giya a damijana iska na taɓa ta. Akan tsiyaya ɗan mai a wuyan tulun, kaurin yatsa, ya kwanta a sama ya tsare ta, ranar ɗuri a zuƙe shi. A gidan Rabino aikin Pierina ne wannan shekara arba'in. Ita ke zuwa kantin magani ta sayo farin mai marar wari da aka yi don haka, ita ke tsiyayawa, Celso bai taɓa tambaya ba. Da ya zo yi da kansa, abin da ya tuna shi ne mahaifiyarsa da man zaitun take yi. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin daga bayan ganga ya miƙa. A ɗakin ajiyar Pierina ya same shi, da rubutun hannunta a jiki, na shekara uku da suka wuce.

Norina ta buɗe ta shinshina. Shi ne. Warin da ta sani tun tana yarinya, amma tsoro ya hana ta gane shi.

"Ban so in zubar ba," Celso ya ce a hankali. "Nata ne."

"Sakarai," ta ce. "Tsohon sakarai. Ka kashe tulu goma sha biyu."

"Gangar fa?" Delfino ya tambaya. "Ita ma ka sa mata?"

"Ganga ba a sa mata mai. Ko rabinta ban taɓa ba."

Nan magana ta tsaya. Giyar ganga ce kaɗai za ta wanke shi, kuma ba mai wanke ta sai bakin Norina. Hanci kaɗai bai isa ba, garin ba zai karɓi hukuncin da ba ta haɗiye ba. Mai giya kuwa ba zai iya fara sha ba. Celso ya ɗauko tambulan ya tara a bakin famfon gangar, giyar ta zubo ja-wur har tana baƙi-baƙi. Ya tsaya riƙe da ita, ya dubi kwalin maganin, ya fara ɗaga hannu.

"Ajiye," in ji ta. "Ba a gabana za ka mutu ba."

Ya ajiye a kan ganga. Ta shinshina daga nesa: ƙamshi tsaf, babu wari. Amma gubar da ta cinye idon yayanta ma ba ta da wari, wannan ta fi kowa sani. Wa ya ga abin da mutum ke yi a rumbu shi kaɗai wata biyar? Rubutun kwali ana iya yi, hawaye ma ana iya yi.

Sai ta ga hannun Delfino na lalube a kan gangar.

"Miƙo mini nan. Ni me ya rage mini da za ta ɗauka?"

Ta riga shi. Ta fizge tambulan har giyar ta ɗan zube mata a hannun riga, ta kai baki, ta cika, ta juya ta a harshe. Tsami mai rai, nauyi a tsakiya, ɗumi a ƙirji. Babu bokitin tofarwa a nan, ba ta kuma nema ba. Ta haɗiye. Celso ya ga maƙogwaronta ya hau ya sauka, ya juya fuskarsa bango.

Da suka koma ɗakin taro an ragu. Gida biyu sun riga sun bi mai Dolcetto sun yi magana da shi, kuma ba su dawo wa Celso ba. Sauran na nan zugum, kwalba ta huɗu na tsaye ita kaɗai a tsakiyar tebur, an janye kujeru daga kusa da ita. Norina ta dire gwangwanin man a gabansu.

"Wannan ne ya ɓata kwalbar. Tsohon mai ne, ba zai kashe kowa ba, sai dai ya ba ku maƙaƙi. Kada wanda ya ɗauki tulunan da ya cika. Ku kai naku a tsiyaya muku daga ganga. Barberar gangar nan ta fi duk abin da na sa wa hanci bana."

"Ya sha a gabanki, Gwaggo?" wata ta tambaya.

"Ni na sha."

"Shi fa?"

"Na ce ni na sha. Kurma ce ke?"

Tarcisio ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya dubi fuskarta, ya rufe. Ta zauna ta ce a zuba ta biyar, ta sa manoman da suka rage suka sha tana kallon wuyansu kamar yadda ta saba.

Washegari ta tashi tun kafin ƙararrawar coci. Ta daɗe zaune a bakin gado ido a rufe, ta kasa buɗewa. Da ta buɗe, ta je ta tura taga. Hazo ya kwanta a kwari. Ta dubi agogon hasumiyar coci, ta karanta shi da idon dama, ta rufe, ta karanta da na hagu. Ƙarfe shida da minti goma. Can a kan hanyar bayan maƙabarta mota ɗaya na hawa, da damijana biyu fanko suna rawa a bayanta.

"Kina gani?" Delfino ya tambaya daga ɗakinsa.

"Ina gani."

"To sai ki ɗora kofi."

"Gubar takan kai kwana biyu kafin ta nuna," ta ce. "Gobe ma zan duba."